Kar ku haɗa pip da sudo

Jiya nan Kurayyat, a Jidda, ƙanina ya kawo min kwamfutarsa mai Ubuntu 22.04. Ya sabunta kayan Python da sudo pip, sai wasu manhajoji suka ƙi tashi. Dalili? Pip ya zuba sabon a /usr/local, can kuma Python ke fara leƙawa, sai ya tsallake wanda apt ya girka. Shi ya sa tun Debian 12 da Ubuntu 23.04, a 2023, pip yake ƙin yarda.

Ni dai kayan tsarin apt nake bar wa. Kowane aikina da nasa venv, irin su yt-dlp kuwa pipx. Wancan --break-system-packages ɗin da kuke tambayata, wallahi ban taɓa shi.