Wa Ya Ɓata Fim a Cikin Kwali?

Mai karatu, ga kacici-kacici. Kaya suna rufe cikin kwali, haske bai shiga ba, ruwa bai taɓa ba, amma sun lalace. Wa ya yi ɓarnar? Abin da ya ɗaure wa kamfanin Kodak kai ke nan a birnin Rochester na Amurka a 1945. Masu sayen fim ɗin hoton ƙashi suka yi ta kawo kuka: da an wanke fim sai ga ɗigo-ɗigon baƙi, alhali sabo ne fil. Aka ɗora wa masanin kimiyya Julian Webb aikin kamo mai laifi. To, wa za mu fara tuhuma?

Ni da kai za mu ce sakacin ma'aikata ne. A'a. Webb ya gano cutar tana jikin kwalin da ake shirya fim a ciki. Mai gadi ne ɓarawon! Sai dai wa ya ba shi makami?

Aka nuna sinadarin radiyom da yatsa, domin tsohon mai laifi ne. A Yaƙin Duniya na Biyu ana shafa shi a agogunan jiragen sama don su haska da dare, kuma ɓurɓushinsa kan bi tsohuwar takarda ya shiga sabon kwali. Webb ya auna. Radiyom kan yi shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Wannan baƙon kuwa wajen kwana 30 kawai yake yi. Radiyom ya kuɓuta. Abin da ke mutuwa da wuri haka, haihuwar jiya-jiya ne. Wa ya haife shi?

Aka bi sawu. Kwalin ya fito daga wata masana'anta a Vincennes, jihar Indiyana, mai jan ruwa daga kogin Wabash. Sai ga irin cutar a kwalin wata masana'antar a Tama, jihar Iowa, a bakin wani kogin daban. Kuma gubar kan ƙaru bayan an yi ruwa mai yawa. Ashe daga sama take saukowa.

Dubi ranar da aka yi kwalin Vincennes: 6 ga Agusta, 1945. Na ji ka ce Hiroshima, don a ranar aka jefa mata bam! Tsaya. Ƙura ba ta ƙetare tekun Fasifik ta faɗa kogi ta shiga kwali a yini guda. Saura wa?

Koma baya mako uku. Hamadar New Mexico. Asubahin 16 ga Yuli. Haske ya keto, ƙasa ta girgiza. Sojoji suka ce rumbun harsasai ne ya fashe. Ƙarya ce.

A wannan asubahin ne aka gwada bam ɗin ƙare-dangi na farko a duniya, gwajin Trinity, ƙarƙashin Janar Leslie Groves da Robert Oppenheimer. A kan hasumiya mai tsawon mita 30 aka tayar da shi, don haka wutar ta lashi ƙasa, ta zuƙi yashi ta cakuɗa shi da guba, ta cilla sama. Iska ta ɗauka zuwa gabas fiye da kilomita 1,600. Ruwan sama ya sauko da ita, kogi ya karɓa, masana'anta ta sha, kwali ya riƙe, fim ya tona. Webb ya ce baƙon siriyom-141 ne, ɗaya daga cikin tarkacen da fashewar nukiliya ke bari, ya kuma wallafa bincikensa a 1949.

Har yau ana gardama kan Hiroshima da Nagasaki: wasu sun ce bam ɗin ya gajarta yaƙi ya ceci sojoji, wasu sun ce babu hujjar ƙona fararen hula. Fim ɗin Kodak ya ƙara tambaya ta uku: mutanen gida fa? Mazauna kewayen Trinity, masu shan ruwan sama da suke tarawa, ba a gargaɗe su ba, ba a kwashe su ba.

Sauran labarin ya fi ɗaci. A Janairun 1951 aka fara gwajin bam a Nevada, dusar ƙanƙara mai guba ta zuba a Rochester. Kodak ta yi barazanar kai ƙara. Hukumar makamashin atom ta amince ta riƙa sanar da masu yin fim lokacin gwaji da inda ƙurar za ta nufa. Manoma ba su sami wannan gata ba. Shanu suka ci ciyawa mai aidin-131, yara suka sha madara. Sai a 1997 cibiyar binciken cutar kansa ta Amurka ta fitar da rahoton yadda gubar ta bazu, da haɗarin kansar tayroyid (ƙwayar da ke gaban maƙogwaro) da ta jawo.

Gwamnatin da ta iya gargaɗin masu fim, ba ta da uzurin yin shiru ga iyayen yara.