Ƙarfen da ke Riƙe da Tayar Bayan Babur

 A wannan mako mu 'yan kulob ɗin jarida mun leƙa rumfar wani bakanike a bakin titin Sakkwato zuwa Jega, a nan Kajiji. Mun tarar yana tayar da wani tsohon babur Honda CG125, irin wanda aka fara ƙerawa a Japan tun shekarun 1970. Mun zaci inji zai fara dubawa. Sai muka ga ya durƙusa wajen tayar baya.

Akwai wani ƙarfe mai hannu biyu da ya taso daga jikin babur ya riƙe tayar baya. Shokozoba a kansa take. Idan aka faɗa rami, shi ne ke yin sama da ƙasa. In ya karkace, sarƙa ba za ta tafi daidai ba, tana iya zamewa ta maƙale, taya ta tsaya cak ana cikin gudu. Ku tuna yawancinmu a bayan 'yan kabu-kabu muke zama, wato a saman wannan ƙarfe.

Ga yadda ya gwada shi. Ya ɗaga babur har tayar baya ta bar ƙasa, ya kama ƙarfen ya girgiza shi hagu da dama. Ya ce in ya yi motsi, robobin da ke mahaɗarsa sun cinye, kuma wannan mai sauƙi ne, canza su ake yi. Tsatsa ce babbar matsala. Ƙarfen yana da rami a ciki, ruwan damina da laka suna shiga su ci shi ta ciki, waje kuwa lafiya lau. Shi ya sa yake ƙwanƙwasa shi da sifana yana saurare.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne sabon fenti. In aka kawo masa na hannu yana ƙyalli, sai ya kankare ya duba ko an ɓoye tsagewa ko walda a ƙasa. Mu da mai ƙyallin za mu zaɓa!

Tsawo ma sai ya zo daidai da na asali, in ba haka ba sarƙa da birki ba za su zauna ba. Ya auna guda uku da igiya, ya mayar da biyu.