Yadda Za A Kare Wayar Gida Da Kayan Lantarki Daga Tsawa

Damina a ƙasar Gumel gajera ce, daga watan Yuni zuwa Satumba, amma hadarinta yakan zo da iska da walƙiya da tsawa. Manomi na murna da ruwa. To, sai dai gari na wayewa sai a ji wannan talabijin ɗinsa ya ƙone, wancan firjinsa ya daina aiki, mai cajin waya kuma ya tafka asarar kayan mutane. Yawancin wannan asara ana iya kauce mata ba tare da kashe ko kwabo ba.

Ta Ina Tsawa Ke Shiga Gida?

Tsawa wutar lantarki ce, amma ƙarfinta ya wuce misali. Wutar da ke zuwa gidajenmu ba ta wuce bolt 230 zuwa 240 ba. Ita kuwa tsawa tana ɗauke da miliyoyin bolt.

Ba lallai sai ta faɗa wa gidan mutum ba kafin ta yi masa ɓarna. Ƙasar Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar shimfiɗaɗɗiya ce. Wayoyin wuta suna ratsa gonaki da fili daga gari zuwa gari, sau da yawa kuma turakunsu sun fi komai tsawo a wurin. Idan tsawa ta faɗa kan waya, ko ma kusa da ita, sai wuta mai ƙarfi ta bi wayar har cikin ɗaki, kamar yadda ambaliya ke bin kwata. Haka kuma tana shiga ta eriyar talabijin, da faifan tauraron ɗan'adam, da farantin sola da ke kan rufi.

Kashe Makunni Bai Isa Ba

Mutane da yawa sukan kashe makunni su ce shi ke nan. Wannan kuskure ne. Ratar da ke cikin makunni 'yar ƙarama ce. Wutar da ta keto sararin sama, wannan 'yar rata ba za ta gagare ta tsallakewa ba. Fis ma kafin ya tsinke, ɓarna ta riga ta auku. Ita kuwa sitabilaiza aikinta daidaita wuta ne idan ta yi ƙasa ko ta ɗan yi sama, ba a yi ta don tare tsawa ba.

Ko an ɗauke wuta, wayar tana nan haɗe da gidan, tsawa na iya biyo ta. Saboda haka babban magani shi ne a zare fulogi daga soket gaba ɗaya.

Yaushe Za A Zare?

Da zarar hadari ya haɗo, tun kafin a fara tsawa. Ga hanyar gane nisanta: idan aka ga walƙiya, a fara ƙirga daƙiƙa har a ji ƙara. Kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ke nan. In ba a kai 30 ba aka ji ƙarar, to tsawa ta matso, kada a taɓa waya ko soket. A jira minti 30 bayan ƙara ta ƙarshe kafin a mayar da kaya.

Ƙarfen Ƙasa

Gidan da aka ja wa wuta bisa ƙa'ida yana da waya ta uku. Ita ce ake haɗawa da sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa, don wutar da ta kauce hanya ta bi ta nan ta nutse. Gidaje da yawa ba su da ita, saboda neman sauƙin kuɗi.

A nan akwai abin lura. Ƙasar wannan yanki jigawa ce, busasshen yashi kuwa ba ya karɓar wuta sosai. Dole sandar ta yi zurfi har ta kai ƙasa mai danshi, wani lokaci ma a kafa biyu ko uku a haɗa su. Masu gyaran wuta kan zuba gawayi da gishiri a ramin. Yana taimakawa, amma gishiri na cin ƙarfe, don haka a riƙa dubawa kowace shekara kafin ruwa ya sauka.

Akwai kuma 'yar na'urar da ake sa wa kusa da mita, wadda ke karkatar da wuta mai ƙarfi zuwa ƙasa. Amma in babu ƙarfen ƙasa mai kyau, amfaninta kaɗan ne. Dogayen gine-gine da tankunan ruwa suna bukatar sandar kare tsawa a samansu, dabarar da Benjamin Franklin na Amurka ya fito da ita wajen shekarar 1750.

Abubuwan Kiyayewa

1. A zare fulogin talabijin, rediyo, firji da injin ruwa, a cire wayar eriya.
2. Wayar hannu ba ta jawo tsawa, amma kada a riƙe ta tana jone a caji.
3. Kada a ɗaura igiyar shanya ta ƙarfe a jikin turken wuta ko sandar eriya.
4. A nemi ƙwararren mai gyaran wuta, kada a ba ɗan koyo aikin.
5. Idan waya ta tsinke ta faɗi, a nisance ta, a hana yara da dabbobi zuwa wurin. A sanar da ofishin KEDCO, kamfanin da ke raba wuta a jihohin Jigawa, Kano da Katsina tun 2013, wanda har yanzu jama'a ke kira NEPA.

Wanda tsawa ta taɓa, babu sauran wuta a jikinsa. Kada a ji tsoron ɗaukarsa, a garzaya da shi asibiti.

Zare fulogi ba ya cin minti ɗaya, amma sayen sabon firji sai an sayar da buhunan gero. Maigida ya koya wa uwargida da manyan yara wannan aiki, domin hadari ba ya jiran ya dawo daga gona ko kasuwar Maigatari.