Neman Gidan Kaka a Zangunan Ankara

Akwai tambayar da takan taso a gidajenmu, ko dai ranar rabon gado, ko sa'ad da baƙo ya sauka daga Katsina ko Maraɗi yana cigiyar dangi: ina ne ainihin gidan da kakanmu ya fara zama a Ankara? Sai wani ya ce ai yana bayan mahauta, wata ta ce a'a, yana dab da masallaci ne. To, mahautar ta tashi, masallacin an rushe shi an sake ginawa, tsohuwar da ta san ƙofar gidan kuwa ta riga mu gidan gaskiya.

Ko gidajen manya ba su tsira daga wannan ba. Malam Idrisu Nenu, malamin nan mutumin Katsina, Allah ya jiƙansa, shi ne ya kafa tsohon zango a tsakiyar Ankara a ƙarshen ƙarni na 19, a wurin da ake kira Zongo Lane, kusa da Makola. Ɗansa Malam Baƙo ya kwashi jama'arsa wajen 1912 ya kafa Sabon Zango a yammacin gari. Wanda ya je Sabon Zango yau, ƙaramin yaro ma zai nuna masa gidan sarauta, domin zuriyar na nan, unguwar kuma ba ta daina zama unguwa ba. Har wata masaniya daga Amurka, Deborah Pellow, ta wallafa littafi a 2002 a kan gidajen unguwar da masu su da 'yan hayarsu. Amma a Zongo Lane ciniki ya cinye gidaje, zaure ya koma shago, tsakar gida ta koma ma'ajiyar kaya. Mai neman gidan kakansa a nan dole ya koma ga takarda.

Takardar da mutane suke fara tunawa ita ce ta ƙidaya, kuma ita ce ta fi saurin ba su kunya. An ƙirga jama'ar Gwalkwas, wato Ghana ta yau, a 1891, 1901, 1911, 1921, 1931 da 1948, sannan bayan samun 'yanci aka yi ta 1960. A Ingila mutum kan buɗe kundin ƙidaya ya ga sunan kakansa da sana'arsa da titin da yake. Rahotannin da aka buga a nan kuwa kawuna suka ƙirga: maza kaza, mata kaza, Musulmi kaza. Bugu da ƙari, Turawa kan rubuta “Hausa” ga kusan duk Musulmin da ya fito daga arewa. Amfanin ƙidaya shi ne ta nuna lokacin da wuri ya fara cika. Wanda aka ce masa kakansa ya gina gida a Nima kafin yaƙin duniya na farko, sai ya yi hattara, domin sai a farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu, ya sami filin daga hannun iyalin Odoi Kwao. Mai yiwuwa wancan gidan yana cikin gari, daga baya aka ƙaura.

Taswira ta fi ƙidaya magana, in an san yadda ake tambayarta. Ana neman tsofaffin taswirorin gari a sashen safiyo na Hukumar Filaye, da kuma ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ake kira PRAAD. Dabarar ita ce kada a dogara da sunan titi, don sunaye sun sha canzawa, lambobin gidaje ma haka. A kama abin da ba ya gusawa: tafkin Korle, kogin Odaw, layin dogo, ganuwar Ussher, ko babbar magudanar ruwan da ke tsakanin Nima da Maamobi. Daga nan sai a auna, a ɗora tsohuwar taswira a kan hoton tauraron ɗan Adam da kowa ke da shi a waya. In aka ga gibi tsakanin taswira biyu, yawanci akwai musibar da ta faɗa a tsakani. Annobar 1908 ta sa hukuma ta rushe gidaje a tsohon gari. Girgizar ƙasa ta 22 ga Yuni, 1939 ta zubar da wasu, aka mai da mutane Korle Gonno da Mamprobi. A 1979 sojoji suka baje tsohuwar kasuwar Makola. Nima kuwa ta daɗe a wajen iyakar hukumar birni, shi ya sa takardunta na farko ba su da yawa, sannan babban titin da aka ratsa ta da shi ya tafi da gidajen da ke kan hanya.

A ganina, inda arzikin yake shi ne jaridu da takardun kotu. Kakanninmu ba su cika rubuta tarihin kansu ba, amma sun yi shari'a, a kan fili, a kan limanci, a kan sarauta. Duk lokacin da aka kai ƙarar fili, sai an faɗi iyakokinsa: gabas gidan wane, yamma filin wane. Haka sanarwar gwanjo ko ta gado a jaridar gwamnati, da Gold Coast Independent, da Daily Graphic wadda ta fara fita a 1950. Ko da sunan kakanka bai fito a matsayin mai ƙara ba, zai iya fitowa a matsayin maƙwabci, wannan kuwa ya isa. Sai dai a yi haƙuri da rubutun akawu. Nenu kan zama Naino ko Neenu, Hausa kan zama Houssa, Ibrahim kan zama Braimah. Wanda ya nemi suna da rubutu ɗaya tak zai dawo hannu rabbana.

Sai kuma shekarar da dattawa ba sa son zancenta. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama makonni biyu su bar ƙasa. Wasu sun sayar da gida a kan kuɗin mota, wasu sun bar wa amini amana ba tare da ko takarda ba. Saboda haka mai bincike ya shirya zuciyarsa: zai iya gano gidan ya tarar da wasu bayin Allah a ciki, su ma an haifi iyayensu a nan. Gano gida daban, mallakarsa daban, wannan magana ce ta lauya da malamai da Sarkin Zango.

Kafin a kashe kuɗin mota zuwa ma'ajiyar tarihi, a fara buɗe adakar da ke ƙarƙashin gadon Hajiya. A can ake samun rasiɗin kuɗin ƙasa, da tsohon fasfon aikin hajji, da wasiƙun ajami masu adireshin Turanci a bayan ambulan, wani lokaci har da sunayen 'ya'ya da ranakun haihuwarsu a bangon littafin karatu. A ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya. Sannan a ɗauki Hajiya a mota da hantsi, kafin rana ta yi zafi, a sauke ta a bakin masallacin da take tunawa, a bar ta ta yi gaba a bi ta a baya.