Yadda Wasiƙa Mai Jimla Biyar Ta Zama Hujjar Ɗaruruwan Likitoci

Daga Wakilinmu

A ran 10 ga watan Janairu na shekarar 1980, wata mujallar likitoci da ake bugawa a ƙasar Amurka, mai suna New England Journal of Medicine, ta fito da wata 'yar gajeruwar wasiƙa a shafin wasiƙun masu karatu. Jimloli biyar ne kacal a cikinta. Waɗanda suka aiko ta daga birnin Boston, watau Jane Porter da Dokta Hershel Jick, sun ce a cikin majinyata 11,882 da aka kwantar a asibiti aka kuma ba su magungunan kashe zafin ciwo masu ƙarfi irin su mofin, mutum huɗu ne kaɗai aka tabbatar maganin ya kama su har suka kasa rabuwa da shi.

Abin da wasiƙar ta faɗa gaskiya ne a muhallinsa. Majinyatan nan a kan gadon asibiti suke, ma'aikatan jinya ne ke auna musu magani, likita kuma yana sa ido. Wasiƙar ba ta ce uffan ba game da mutumin da za a danƙa wa kwalbar ƙwayoyi ya tafi gida, ya yi ta haɗiya wata da watanni saboda ciwon baya.

To, amma zance in ya bi baki da yawa, ba ya isa yadda ya tashi. Sannu a hankali masu rubuce-rubucen likitanci suka shiga kafa hujja da wannan wasiƙa, wai ai an riga an tabbatar cewa da wuya irin waɗannan magunguna su kama mai shan su. Wannan ya kwafo daga wancan, wancan kuma daga wani, har wasu suka riƙa kiran ta babban bincike, alhali kuwa ko shafi guda ba ta cika ba.

A shekarar 2017 ne wasu masu bincike na birnin Toronto a ƙasar Kanada, cikinsu har da Dokta David Juurlink, suka bi diddigin lamarin. Sun sami rubuce-rubuce 608 da suka ambaci wasiƙar. Kashi 72 cikin ɗari sun kawo ta a matsayin shaidar cewa kamuwa abu ne mai wuyar aukuwa, sa'an nan kusan kashi 81 cikin ɗari ba su ko faɗa wa mai karatu cewa majinyatan a kwance suke a asibiti ba. Sun kuma lura ambaton wasiƙar ya ƙaru ƙwarai bayan fitowar maganin OxyContin na kamfanin Purdue Pharma. Shi wannan kamfani, a shekarar 2007 ya amsa laifi gaban shari'a cewa ya yaudari jama'a game da haɗarin maganin, aka ci shi tarar fiye da dala miliyan 600. Daga 1999 zuwa 2015, mutum fiye da 183,000 ne irin waɗannan magunguna na takardar likita suka halaka a Amurka. Ba wasiƙar kaɗai ce ta jawo wannan bala'i ba, amma ta zama madogarar da aka riƙa kwantar wa likitoci hankali da ita. Daga bisani mujallar ta ɗora gargaɗi a kan wasiƙar, domin duk mai buɗe ta ya sani an sha yi mata mummunar fassara.

Abin lura a nan shi ne, ƙa'idar ambaton madogara tana nan tun kafin a buga wasiƙar. A shekarar 1978 editocin wasu mujallun likitanci suka taru a birnin Vancouver na Kanada, suka tsara hanya guda da yawancin mujallun fannin ke bi har yanzu. A wannan tsari, marubuci yana sa lamba a gefen duk maganar da ya aro, bi da bi, sa'an nan a ƙarshen aikin ya jera sunan mai maganar, da kan rubutun, da sunan mujalla, da shekara, da kundi, da shafi. Amma jera sunaye daidai bai hana waɗancan marubuta ɗora wa wasiƙar abin da ba ta faɗa ba. Shi ya sa ƙungiyar editocin ta ɗora wa marubuci alhakin tabbatar da cewa kowace madogara tana goyon bayan maganar da aka jingina mata, kuma ba takarda ba ce da aka riga aka janye, kamar ta Andrew Wakefield kan allurar rigakafin ƙyanda, wadda mujallar Lancet ta buga a 1998 ta kuma janye a 2010.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya zauna gaban malaman zaure, inda ba a karɓar ruwaya sai an san isnadinta, an san wa ya ji daga wa. Saboda haka ɗalibin likitanci, ko na haɗa magunguna, ko na aikin jinya, a Zariya yake ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, wajibi ne kafin ya ɗora lamba a kan wata magana ya nemo ainihin takardar ya karanta da idonsa, gama gani ya kori ji. Ya duba ko cikakken bincike ce ko wasiƙa ko ra'ayin edita. Ya faɗi a kan su wa aka yi gwajin, su nawa ne, kuma tsawon wane lokaci. In kuwa bai sami takardar ba, a wajen wani ya tsinci labarinta, to, ya faɗi hakan a sarari.

Abin da ɗalibi ya rubuta yau, shi wani likita zai dogara da shi gobe ya rubuta wa majinyaci magani. Wanda ya kafa hujja da takardar da bai karanta ba, ya ba da shaida ne a kan abin da bai gani ba, kuma a aikin likita majinyaci ne ke ɗaukar sakamakon.