Turanci a Bakin Toraja: Sautin da Babu da Ƙarshen da Ke Faɗuwa

Mutanen Toraja, mazauna tsaunukan Kudancin Sulawesi a ƙasar Indunusiya, sun daɗe suna buƙatar Turanci, domin baƙi na tururuwa Rantepao da Makale don ganin gidajen tongkonan da bukin binne mamaci na Rambu Solo'. Saurayin da ke yi wa baƙin nan jagora da bakinsa yake cin abinci. Matsaloli biyu ne ke tare masa hanya, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko kowa na jin ta. Harshen Toraja ba shi da f, v, z, ko th, sai fish ta koma pis, think ta zama tink. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tunda mu ma p da f kan rikice mana. Wannan ce ake yi wa dariya a aji, ita ce kuma aka fi gaggawar gyarawa. Amma baƙon da ke tsaye gaban ɓauna a kasuwar Bolu, in aka ce masa pipti, ba sai an nemo tafinta ba zai gane hamsin ake nufi.

Ta biyu ba ta da hayaniya, ita ce kuwa mai ɓarna. Kalmar Toraja da wasali take ƙarewa, ko da n, ng, k, ko hamza, kamar tongkonan, tedong, manuk. Baƙaƙe biyu ko uku a jere a wutsiyar kalma baƙon abu ne ga mutanen Toraja. Turanci kuwa a nan ya ajiye nahawunsa: s ta jam'i, ed ta abin da ya wuce. Idan ƙarshen ya faɗi, walked ta zama walk, jiya da yau sun haɗu. Mafi muni, can't ta koma can. Jagora ya hana ɗaukar hoto a gaban kabarin dutse, baƙo ya ji an ba shi izini, ya ɗaga kyamara a idon dangin mamaci. Ga kuma wasulan Toraja biyar kacal, waɗanda ba sa raba ship da sheep.

A ganina, malamin Turanci a Makale ya kamata ya sassauta wa ɗalibi kan th, wadda ko wasu mutanen Landan da f suke furta ta, ya tsare shi a kan t da d da s na ƙarshen kalma, yana maimaitawa har kunnen ɗalibin ya fara jin rashinsu.