Gaskiya ko Jita-jita: Shirin Digiri na Biyu a Gindin Gobarau

Ɗalibanmu na tarihi, adabi da harsuna da ke shirin digiri na biyu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Al-Qalam sukan shigo da wasu maganganu da suka tsinta a bakin yayyensu. Bari mu auna su da hasumiyar Gobarau da ke tsakiyar garinmu Katsina.

"Digiri na biyu na farkon ne, sai dai karatu ya ƙaru"

Ba haka ba ne. A digiri na farko malami ke yin tambaya, ɗalibi ya amsa. A na biyu ɗalibi ne zai nemo tambayar, ya kare ta gaban malamai. Mun taso da hadda tun daga allo, kuma ta yi mana rana, shi ya sa muke zaton ita za ta rubuta mana kundi.

"Abin da aka buga a littafi ya zama hujja"

Nan ne muka fi tuntuɓe. A tambayi mutum yaushe aka gina Gobarau, zai ce zamanin Sarki Muhammadu Korau, 1348 zuwa 1398. Sai kuma ya ƙara da cewa Shehu Magili ya koyar a wurin a zamanin Korau ɗin. To, Magili ya zo ƙasar Hausa ne wajen 1490 da 'yan kai, ya kuma rasu farkon ƙarni na 16. Kusan shekara ɗari ke nan tsakani. Saboda irin wannan saɓani ne masana tarihi da dama suke ajiye mulkin Korau a rabin ƙarshe na ƙarni na 15.

Me ya sa shekarun 1348 zuwa 1398 ɗin suka fi yaɗuwa? Wani ya rubuta, na biyu ya kwafa, na uku ya ɗora a intanet, sai ɗalibi ya ga wuri goma sun faɗa, ya ɗauka shaidu goma ne, alhali bakin mutum ɗaya ne. Bitar ayyukan da suka gabata ba jera sunayen marubuta ba ce. Bin sawu ce har a kai ga wanda ya fara faɗa, a ga shi kuma ina ya samo.

"Tarihin baka hirar tsofaffi ce kawai"

Marigayi Yusufu Bala Usman ya kammala kundin digirinsa na uku kan tarihin Katsina a Jami'ar Ahmadu Bello a 1974, aka buga shi littafi a 1981. Bai tsaya ga takardun Turawa ba, ya zauna da dattawa ya saurare su. Abin da ya bambanta shi da mai tattara labarai shi ne gwada maganar wannan da ta wancan, da lura da wanda ke magana da abin da yake karewa. Bature ma da ya rubuta rahoto yana da nasa abin karewar.

"Turanci ya wadatar"

Ya danganta da fagen. A sassan koyar da Hausa, yawanci da Hausa ake rubuta kundi a kuma kare shi. Wanda kuwa zai taɓa Wali Ɗan Marna ko Ɗan Masani, da Larabci suka bar yawancin rubutunsu. Gwamma ya koma zaure wajen malamin unguwa ya gyara nahawunsa, ya saba da rubutun hannu irin na warash, tun kafin ya hau motar Kaduna zuwa Gidan Arewa domin duba tsofaffin rubuce-rubuce.